Yaron da Ba Ya Iya Cewa Wayyo

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

MAI GABATARWA: Ina gaida mutanen Ƙanƙara da Ketare da 'Yargoje, ina gaida na Faskari da Daudawa da Mairuwa da 'Yankara, ina gaida na Sabuwa da Damari har Dungun Mu'azu. Wanda ya dawo daga gona, sannu da aiki. Iyayena mata da ke bakin murhu, a ɗan matso da rediyon kusa, domin rabin maganar yau taku ce.

Akwai wani yaro da kusan kowace unguwa ta san irinsa. Ya shekara biyu wuyansa bai tsaya ba. Ko kuma ya tashi, amma a kan 'yan yatsu yake tafiya, diddige ba ya taɓa ƙasa, gwiwoyi na gogar juna, ƙafafu sun harɗe kamar almakashi. Wani hannunsa a dunƙule yake kullum, yawu na zuba, magana ba ta fita. Sai ka ji ana cewa ɗan ruwa ne, ko an yi musayarsa, ko shan inna ce. Ba ko ɗaya. Shan inna ƙafa take bari a sake, laƙaƙai-laƙaƙai. Wannan kuwa yawanci a sandare take. Rauni ne ya sami ƙwaƙwalwar yaron tun yana ciki, ko wurin haihuwa, ko a farkon rayuwarsa, sai ɓangaren da ke sarrafa motsi ya taɓu. A asibiti za ku ji suna taƙaita sunan larurar da cewa si-pi. A duniya, cikin jarirai 1,000 da aka haifa ana samun kamar 2 zuwa 3 masu ita.

Mu nan mun san ƙofofin da take shigowa. Doguwar naƙuda ce, jariri ya fito bai yi kuka ba. Kuma ba sai na faɗa muku ba, macen da naƙuda ta kama da magariba a ƙauyukan Faskari ko Sabuwa, sau da yawa sai gari ya waye ake iya fita da ita, saboda halin da hanyoyinmu ke ciki. Sai shawarar jarirai mai tsanani wadda ta hau kai, sai sanƙarau, sai zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, sai bakwaini. Tun a 1861 wani likitan ƙashi na Ingila, William Little, ya tsaya gaban likitocin haihuwa a Landan ya danganta wannan sandarewar gaɓoɓi da wahalar haihuwa. Shi kansa da tawayar ƙafa ya girma.

Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, amma jiki yana girma. Ƙashi na tsawo, tsokar da ta ɗaure ba ta bin sa. Shekara kan shekara sai agara ta gajarce, gwiwa ta ƙi miƙewa, wani ma kan ƙashin cinya ya riƙa zamewa daga gurbinsa a ƙugu. Gashin ƙashi da takalmin ƙarfe da magunguna suna taimakawa ƙwarai, su ake fara yi. Idan suka kasa, sai a zo maganar tiyata: a ƙara wa agara tsawo, a sassauta jijiyoyin bayan gwiwa ko na matsematsi, wani lokaci a yanka ƙashin cinya a daidaita shi. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci. Na Sabuwa ya bi ta Dandume ya faɗa Funtuwa, shi da na Faskari su miƙa Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tun kafin a shiga cikin Zariya. Na Ƙanƙara ya bi ta Malumfashi da Gwarzo zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959, ko ya nufi Katsina.

To, ba tiyatar ce ta zaunar da ni gaban wannan abin magana ba. Daren da ke biye da ita ne.

Na taɓa kwana jinyar ɗan yayata a wani asibiti, yana da shekara bakwai, an yi masa aiki a ƙafafu biyu an sa masa siminti daga cinya zuwa yatsu. Ba ya magana, sai 'yan sautuka da uwarsa kaɗai ke ganewa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ga abin da ban manta ba. Yaron yana kwance shiru, sai jikinsa ya miƙe ƙyam, bayansa ya bar katifa, haƙora suka datse, gumi ya keto masa a goshi. Simintin da kansa yana rawa a kan gado. Ya yi kamar minti ɗaya, ya saki, kafin ya gama mayar da numfashi wani ya sake zuwa. Wani mai jinya a gadon kusa ya ce, ai irin waɗannan yaran haka suke, ba sa jin ciwo kamar mu. Yaya ba ta ko dube shi ba. Ta ce da ni, “Tashi ka kira nas. Wannan ba miƙarsa ta kullum ba ce. Dubi yadda ya kama leɓensa na ƙasa, haka yake yi in abu ya ci shi.”

Maganar mutumin nan ita nake so mu binne yau. Yaron da ba ya iya cewa wayyo yana jin ciwo sarai, hanyar faɗa ce ba shi da ita. Ba mu kaɗai muka taɓa wannan kuskure ba. Har cikin shekarun 1980 akwai manyan asibitocin Turai da Amurka da ke yi wa jarirai tiyata da ɗan abin kashe zafi kaɗan, a zaton ba sa ji. Binciken da likita Anand da abokan aikinsa suka yi a Oxford, aka buga a 1987, yana cikin abubuwan da suka rushe wannan zato.

Abin da na gani a daren nan yana da bayani. Ku ɗauki tsoka a matsayin doki, ƙwaƙwalwa kuma mahayin da ke riƙe da linzami. Ni da kai idan ƙaya ta soke mu, ƙafa za ta zabura, amma nan take mahayi zai ja linzami ta lafa. Yaro mai wannan larura linzaminsa a sake yake. Zafin yanka ya tashi daga ƙafa ya isa laka, laka ta mayar da umarni tsoka ta ɗaure. Tsokar da ta ɗaure kuwa ita ce aka yanka ɗazu aka ɗinke. Ɗaurewar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara ɗaurewa, abu ya yi ta zagayawa. Saboda haka ciwonsa biyu ne, na yanka da na murɗewar tsoka, kuma sau da yawa na biyun ya fi azaba.

Wani zai ce, to a ɗura masa allura mai ƙarfi mana ya yi barci. Akwai su, irin su mofin, kuma suna da ranarsu, ba na kushe su. Sai dai mofin yana rage ƙarfin numfashi, yana kawo magagi da amai da taurin bayan gida. Yaronmu kuwa da ma haɗiya na ba shi wuya, yana yawan ƙwarewa, tarinsa ba ƙarfi, ƙirjinsa na yawan kamuwa, cikinsa da ma a ɗaure yake. In aka nutsar da shi cikin barci mai nauyi, yawu ko amai na iya gangarawa huhu. Ga shi ana iya ƙara masa maganin sassauta tsoka irin su dayazifam, wanda shi ma barci yake sawa. Likita sai ya rasa inda zai sa kansa: ya rage magani yaro ya sha azaba, ya ƙara numfashi ya yi rauni.

A nan ne allurar kashe sashen jiki ta shigo.

(Gajeren kiɗa)

Duk wanda aka taɓa cire wa haƙori a asibiti ya san ta. An tsira maka allura a dasashi, leɓe ya yi nauyi kamar ba naka ba, kana ji ana jijjiga haƙori amma ba zafi, idonka biyu. Iyayena mata da aka yi wa aiki aka ciro jariri a Funtuwa ko Malumfashi sun san babbar yayarta, wadda ake yi a baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu na 'yan sa'o'i, mace tana jin kukan ɗanta na farko. Dabarar ta tsufa. A 1884 Carl Koller ya fara kashe zafin ido da ɗigon magani a birnin Biyana, a 1898 August Bier ya yi allurar baya ta farko a Jamus, a 1933 kuma likita Meredith Campbell na Amurka ya ba da rahoton yin ta ga yara ta ƙasan gadon baya.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga abu uku. Akwai ta jini, akwai mai ɗaure tsoka da ƙashi kamar agara, akwai kuma farar jijiya mai kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Wannan ta ukun ake nufi. Ana zuba maganin a gefenta, sai ta daina ɗaukar saƙo na wani lokaci. Yanka yana nan, amma labarinsa ba ya isa laka, balle laka ta ce wa tsoka ɗaure. An tare zagayen nan da na faɗa muku tun daga tushe. Kan yaro kuma garau, numfashinsa nasa, yana iya shan ruwa, yana gane uwarsa.

Ga yara, ana sa su barci tukuna, sannan a yi allurar, don haka ba sa ganin ta ba sa jin ta. Ƙananan yara, kamar 'yan ƙasa da shekara bakwai, an fi yi musu a can ƙarshen gadon baya, daidai saman mazaunai, inda Allah ya bar wata 'yar ƙofa a jikin ƙashi. Allura ɗaya a nan da maganin da ake kira bufibaken tana riƙe yaro kamar awa 4 zuwa 6. Idan aikin babba ne, irin na ƙugu ko na gaɓoɓi da yawa a rana ɗaya, ana iya barin wani siririn tiyo mai kaurin igiyar fatsa a bayan, a manne shi da filasta, magani na bi a hankali kwana 2 ko 3, wato kwanakin da murɗewar ta fi tsanani. Idan kuma ƙafa ɗaya ce, ba sai an je baya ba. A nemo jijiyar a bayan gwiwa ko a matsematsi da na'urar sikanin, irin wadda ake duba mai ciki da ita, likita na kallon bakin allurar a allo har ya ajiye maganin inda ya dace. Wannan takan kai rabin yini, wani lokaci ta wuce.

Na san abin da ke ran wasunku, don na sha jin sa a wurin suna da zaman makoki. Allurar baya tana gurgunta mutum, tana bar masa ciwon baya har abada. Uba ya ce, yaron da da ma ƙafarsa ba lafiya, a ƙarasa shi? Baba, tsoronka na ƙauna ne, kuma ya cancanci amsa. Laka ba ta kai ƙarshen gadon baya ba, tana tsayawa ne a wajen tsatso. 'Yar ƙofar nan da ake bi ga ƙananan yara tana can ƙasa da inda lakar ta ƙare. A 2018 an buga sakamakon bibiyar irin waɗannan allurai sama da 100,000 da aka yi wa yara a asibitoci fiye da 20 a Amurka, ba a sami yaro ko ɗaya da ya nakasa dindindin ta dalilinsu ba. Waɗancan asibitoci ne masu kayan aiki da ƙwararru, shi ya sa nake cewa a yi ta inda akwai wanda ya koya, ba kowane ɗakin da aka rataya wa allo ba.

Hatsarinta na gaskiya wani ne dabam. Maganin in ya yi yawa, ko ya shiga jijiyar jini, yana iya kawo jijjiga ya taɓa zuciya. Don haka da nauyin yaro ake auna shi, ba da shekaru ba, ba a wuce kamar miligiram 2 zuwa 2.5 a kan kowane kilo. Yaranmu masu wannan larura kuwa yawanci ba su da jiki, ɗan shekara takwas sai ka ɗauka ɗan biyar ne. Ku tabbata an ɗora shi a sikeli, kada a yi kirdado. Akwai kuma wanda ba za a yi wa ba: mai ƙurji ko gyambo a wurin da za a tsira, mai matsalar daskarewar jini, ko wanda gadon bayansa ya karkace sosai har hanya ta yi wuya. Wannan hukuncin mai sa barci ne, likita ne ko nas ɗin da ya yi kwas na musamman a kai.

Mutumin nan, mai sa barci, shi ne wanda iyaye ba su cika nema ba. Kowa likitan da zai yi yanka yake tambaya. Ku nemi ganinsa kafin ranar aiki. Ku ce, ranka ya daɗe, in an gama yaya za a yi da zafin, za a iya kashe masa ƙafar? Tambayar ba rashin kunya ba ce. Ku zo masa da duk maganin da yaro ke sha a cikin kwalinsa, har na gargajiya, har rubutu da jiƙo. Maganin farfaɗiya ba a tsayar da shi don za a yi tiyata sai in likita ya ce, haka ma bakulofen na sassauta tsoka, yanke shi farat ɗaya yana da hatsari. Ku faɗa masa in yaro na ƙwarewa, in yana minshari, in ya yi tari ko zazzaɓi a makon nan.

Sai azumin tiyata. Galibi awa 6 ba abinci, awa 4 ba nono, ruwa zalla kuwa ana barin sa har awa 2 kafin a shiga. Inna, koko abinci ne, kunu abinci ne, madara abinci ce. Na san zuciyar uwa, yaro na kallon kofi yana miƙa hannu. In tausayi ya rinjaye ki kika ba shi, ki faɗa. Gara a ɗaga aikin zuwa yamma da kokon nan ya tashi ya shiga huhu yana cikin barci.

Yanzu ga aikin da ba mai iya yi sai ke. Ma'aikatan jinya suna da ma'aunin ciwo na yaran da ba sa magana, wanda aka tsara a Jami'ar Mishigan a 1997. Ana duban fuska, da ƙafafu, da motsin jiki, da kuka, da ko yaro na rarrasuwa, a ba da maki daga 0 zuwa 10. A 2006 aka gyara shi saboda irin yaranmu, kuma babban gyaran shi ne aka bar gurbin da za a rubuta abin da iyaye suka ce ɗansu na yi in yana jin ciwo. Masana da kansu suka yarda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani yaron cizon hannu yake, wani ya ƙi kallon kowa, wani ya yi tsit kamar ba ya nan. Akwai ma wanda wani sauti yake yi mai kama da dariya, baƙo ya ɗauka daɗi yake ji. Ki faɗa wa nas tun ranar da aka ba ku gado. In da mai rubutu a cikinku, a rubuta a takarda a maƙala a kan gadon, domin mai aikin safe ba shi ne na dare ba.

Ƙafar da aka kashe kuma amana ce, tunda ba za ta yi ƙara ba. Siminti na iya matsewa in ƙafa ta kumbura. Ki riƙa duba yatsun: ki danna farce ya yi fari, ki saki, jini ya dawo nan da nan. In yatsu suka yi sanyi, ko suka yi fari fat ko shuɗi-shuɗi, ko suka kumbura suntum, ko kuma yaron da ke kwance lafiya ya birkice da ciwon da magani ya kasa, kada ki jira zagayen likita na safe, ki ta da kowa. Ki sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓa yadda diddige zai rataya a iska, don diddigen da ya kwana a danne gyambo yake zama. Kada a kusanto da ruwan zafi ko kaskon wuta, zai ƙone bai sani ba, amma a lulluɓe shi, waɗannan yara sanyi na saurin kama su bayan tiyata. In an daɗe bai yi fitsari ba, mara ta yi tauri, ki faɗa. In akwai tiyo a baya, kada a ja shi wurin juya yaro, kuma in filastar ta jiƙe ko ta ɓanɓare a kira nas.

Allurar za ta sake, dole. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga yaro na wasa a ce ai ba ya bukatar komai, sai tsakar dare ciwo ya afko gaba ɗaya. Farasitamol da sauran abin da aka rubuta ana fara su ne tun ƙafar tana mace, a kan lokaci, ba sai ya yi kuka ba. Haka za a ci gaba in an koma gida. Kafin a sallame ku, ku karɓi isasshen magani da lambar wayar da za ku kira, tunda daga Damari ko 'Yankara ba a komawa Shika da dare. Kuma don Allah kada wani ya tsaya a kemis ya ƙaro tiramol ko ruwan kodin wai yaro ya samu barci. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 12 waɗannan, suna iya tsayar da numfashinsa.

Ɗan yayata, bayan shekara biyu an sake yi masa aiki a ƙugu. Wannan karon Yaya ta nemi mai sa barci tun ana saura kwana uku, ta yi tambayarta, aka sa masa siririn tiyon nan a baya. Ni na sake kwana. Da asuba na farka na tarar ta zaunar da shi da matasai, tana ba shi shayi da cokali, yana bin ta da ido. Ta miƙa hannu ta danna farcen babban yatsansa, ta saki, ta tsaya kallo har jinin ya dawo, sannan ta ɗebo wani cokalin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna kan shawarar jarirai, yadda ake gane ta a kwana ukun farko da dalilin da ya sa shanya jariri a hantsi ba ya isa.

(Kiɗan rufe shiri)